Daga Otal Ɗin Mayflower Zuwa Ɗakin Bincike: Shin Matakai Goma Sha Biyu Suna Raba Mashayi da Kwalba?

Wata ranar Asabar cikin watan Mayu na 1935, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson yana ta kai da kawowa a zauren karɓar baƙi na otal ɗin Mayflower da ke garin Akron, a jihar Ohio ta Amurka. Cinikin da ya kawo shi daga Niyok ya rushe, abokan tafiyarsa sun koma gida, aljihunsa ya kusa zama wayam. A ƙarshen zauren akwai ɗakin shan giya, yana jiyo dariyar mutane da ƙarar kofuna. Wata biyar ke nan rabonsa da kwalba, bayan shekara 17 da giya ta yi tana cin dukiyarsa da lafiyarsa da mutuncinsa. Ya san in ya sa ƙafa a ɗakin nan, an koma gidan jiya.

Sai ya nufi ɗaya ɓangaren, inda aka manna sunayen limaman coci da lambobin wayarsu. Ya shiga buga waya yana tambaya ko akwai wanda zai haɗa shi da wani mashayi ɗan'uwansa, su yi hira. Daga wannan zuwa wancan, har aka haɗa shi da wata mata, Henrietta Seiberling, ita kuma washegari ta zaunar da shi da wani likitan tiyata, Dakta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai bayar. Sai da suka yi kusan awa shida. Abin da ya riƙe shi, kamar yadda ya faɗa daga baya, shi ne a karon farko ya sami mutumin da ya san ciwon daga cikin jikinsa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Bayan 'yan makonni Dakta Bob ya sha kwalbarsa ta ƙarshe, wadda Bill ɗin ne ma ya miƙa masa don hannunsa ya daina rawa kafin ya shiga tiyata. Ranar 10 ga Yuni 1935 ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato ƙungiyar mashayan da ba sa bayyana sunansu, wadda ake taƙaitawa da AA, take ƙirgawa a matsayin ranar haihuwarta.

Mun faro daga wannan zaure ne da gangan. Yau AA tana da mambobi kimanin miliyan 2 a ƙasashe kusan 180, kuma an kwafi tsarinta don masu shan ƙwaya da masu caca da masu cin abinci fiye da kima. Likitoci da alƙalai da 'yan jarida sun shafe sama da rabin ƙarni suna gardama a kan ko tsarin yana aiki. Ra'ayinmu shi ne gardamar ta daɗe ne saboda abubuwa daban-daban aka zuba cikin ƙwarya ɗaya ana kiransu da suna ɗaya, kuma abin da bincike ya fi tabbatarwa a ƙarshe shi ne wancan abu da Bill ya nema a waya ranar Asabar, tun ba a rubuta ko mataki ɗaya ba.

Sai mu ɗan koma baya. Tun 1784 likita Benjamin Rush ya rubuta cewa yawan shan barasa ciwo ne, amma Amurka ta fi yi wa mashayi kallon mai zunubi ko mai laifi. A 1840 wasu mashaya shida a birnin Baltimore suka kafa ƙungiyar da aka sani da Washingtonians, suna taruwa kowa yana ba da labarin kansa. Ta bunƙasa har Abraham Lincoln ya yi mata jawabi a 1842, sannan ta watse cikin 'yan shekaru, bayan ta tsunduma cikin siyasa da rigimar addini da neman suna. Daga baya ƙasar ta gwada doka: daga 1920 zuwa 1933 aka haramta sarrafa giya da sayar da ita. Da aka ɗage dokar, mashayi bai da inda zai nufa sai kurkuku, ko asibitin mahaukata, ko in yana da kuɗi, asibitin da za a wanke masa ciki ya fito ya koma ruwa.

A irin wannan asibiti, Towns da ke Niyok, Bill ya kwanta karo na ƙarshe a Disamba 1934. Likitansa, William Silkworth, ya riga ya gaya masa cewa jikin mashayi yana da wata larura da ke sa kofi ɗaya ya kira na biyu. Wani tsohon abokin shansa kuma, Ebby Thacher, ya zo masa da saƙon wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group, wadda Frank Buchman ya kafa, mai koyar da furta laifi da biyan haƙƙin mutane da miƙa wuya ga Ubangiji. A kan gadon asibitin Bill ya ce ya ga wani farin haske ya cika ɗakin, kuma daga ranar bai ƙara sha ba. Masu suka suna tunatar da mu cewa ana ba shi wani haɗin magani mai ɗauke da tsiron belladonna, dangin zaƙami, wanda kan sa mutum gane-gane. Ko ma mene ne ya gani, abin da ya biyo baya ya fi jan hankalinmu. Ya yi wata biyar yana bin mashaya yana musu wa'azi, ko mutum ɗaya bai daina ba. Da ya yi ƙorafi, matarsa Lois ta nuna masa cewa akwai mutum ɗaya da ya tsira, shi kansa.

Matakan goma sha biyu sun zo ne daga baya. Bill ya rubuta su a ƙarshen 1938, aka buga su cikin littafin ƙungiyar a 1939, lokacin mambobi ba su fi ɗari ba. A taƙaice suna neman mutum ya amince giya ta fi ƙarfinsa, ya dogara ga wani iko da ya fi nasa, ya yi wa kansa hisabi a rubuce, ya faɗi laifinsa ga Ubangiji da kuma wani mutum, ya nemi waɗanda ya zalunta ya gyara, ya riƙe addu'a, sannan ya kai saƙon ga wani mashayi. Musulmi zai ji ƙamshin sharuɗɗan tuba a nan, musamman nadama da mayar da haƙƙi, ko da yake batun tona asirin kai a gaban wani zai sa malamanmu su ɗaga gira. Tun a lokacin rubutun an yi rigima. Wani mamba da bai yarda da addini ba, Jim Burwell, da wasu irinsa, suka matsa har aka sassauta lafazin, aka bar wa kowa ya fahimci Ubangiji yadda ya fahimce shi. Wato tambayar ko AA addini ce ko magani, da ita aka haifi ƙungiyar.

Darasin Washingtonians bai wuce Bill ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar ta amince da su a 1950 sun hana ta karɓar kuɗi daga waje, sun hana ta tsoma baki a siyasa ko wata gardama, sun hana mamba fitowa da cikakken sunansa a jarida, kuma sharaɗin shiga ɗaya ne tak, son daina sha. Attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ma, da aka je neman tallafi wurinsa a 1938, dala 5,000 kawai ya bayar, yana tsoron kuɗi zai ɓata abin. Waɗannan ƙa'idoji su suka raya ƙungiyar, kuma su suka sa auna ta ya zama jidali. Babu rajista, babu katin asibiti, babu mai bin sawun wanda ya zo sau biyu ya ɓace. A bugu na biyu na littafinta, a 1955, ƙungiyar ta yi iƙirarin cewa cikin waɗanda suka zo kuma suka yi ƙoƙari da gaske, rabi sun daina nan take, kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun daina bayan 'yar tuntuɓe. Matsalar tana cikin wannan sharaɗi na ƙoƙari da gaske. Idan duk wanda ya faɗi za a ce bai yi ƙoƙari ba, to babu ranar da lissafin zai nuna gazawar tsarin.

Farin jinin AA ya tashi bayan wani rahoto da ɗan jarida Jack Alexander ya buga a mujallar Saturday Evening Post a Maris 1941. Kafin shekarar ta ƙare mambobi sun tashi daga kimanin 2,000 zuwa 8,000. Daga nan ne abu na biyu ya fara tsirowa a gefen ƙungiyar. Marty Mann, ɗaya daga matan farko da suka daina sha ta hanyar AA, ta kafa kwamitin wayar da kai a 1944 don ta cusa wa Amurkawa cewa shaye-shaye ciwo ne. Masani E. M. Jellinek ya fitar da bayanin matakan da ciwon ke bi a 1946, sai dai ya gina shi ne a kan takardun tambayoyi 98 da mambobin AA suka cike, dukkansu maza. A 1949 aka buɗe cibiyar Hazelden a jihar Minnesota, inda aka haɗa matakan da kwanciya asibiti, abin da ya zama shirin nan na kwana 28. A 1970 Sanata Harold Hughes, wanda shi ma tsohon mashayi ne, ya jagoranci dokar da ta kafa cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken shan giya. Kamfanonin inshora suka fara biya, cibiyoyi suka yawaita, uwargidan tsohon shugaban ƙasa Betty Ford ta buɗe tata a 1982. Abin da ake bayarwa kyauta a ƙarƙashin ginin coci ya zama haja ta dubban daloli. Kotuna kuma suka shiga tura direbobin da aka kama a buge zuwa taron AA, da takardar da za a sa musu hannu.

Ke nan abubuwa uku ne suke amsa suna ɗaya: taron sa-kai na kyauta, da asibitocin kuɗi masu koyar da matakan, da halartar dole bisa umarnin alƙali. Yawancin zafin gardamar daga na biyu da na uku ya fito.

Gwajin farko da aka yi da ƙuri'a bai yi wa AA daɗi ba. A 1967 Keith Ditman da abokan aikinsa suka raba mutum 301 da kotu ta sha kamawa da laifin maye a San Diego gida uku: wasu AA, wasu asibiti, wasu kuma ba a tura su ko'ina ba. Da aka duba yawan waɗanda aka sake kamawa, waɗanda aka ƙyale ba su fi sauran lalacewa ba. Masu suka har gobe suna kafa hujja da wannan. Amma mu lura da wanda aka gwada: mutumin da alƙali ya tura, wanda bai cika ko sharaɗi ɗayan nan na shiga ƙungiyar ba. Su kuma magoya baya suna kawo bincike masu yawa da ke nuna cewa wanda ya fi zuwa taro ya fi daɗewa bai sha ba. Nan ma akwai rami. Ta yiwu taron ne ya riƙe shi, ta yiwu kuma mai niyya mai ƙarfi ne dama yake jure zuwa taro, wanda ko ba AA zai daina. Ga kuma abin da manyan ƙididdigar lafiya na Amurka suka sha nunawa, cewa mutane da yawa da suka taɓa kamuwa da jarabar giya suna rabuwa da ita ba tare da sun je asibiti ko taro ba, wasu saboda aure, wasu haihuwa, wasu tsufa kawai.

Rigimar da ta fi muni ita ce ta ko mashayi zai iya komawa shan kaɗan. Aƙidar AA ita ce babu wannan hanya, kofi ɗaya ya isa ya rusa shekara goma. A 1962 wani likita a asibitin Maudsley na Landan, D. L. Davies, ya ba da rahoton cewa 7 daga cikin majinyata 93 sun koma sha daidai wa daida. A 1976 cibiyar RAND ta fitar da rahoto mai kama da haka, aka yi mata ca, ana cewa za ta kashe mutane. Ma'aurata Mark da Linda Sobell, waɗanda suka koya wa mashaya 20 shan kaɗan a wani asibiti a Kaliforniya, sun ga tasku: a 1982 mujallar Science ta buga binciken da ya bi sawun majinyatansu, ya nuna huɗu sun mutu, aka zarge su da maguɗi. Kwamitin bincike a Kanada ya wanke su, kuma ya bayyana cewa a cikin mutum 20 na ɗaya rukunin, waɗanda aka koya wa ƙauracewa gaba ɗaya, shida ne suka mutu. Sai dai kada mu yi saurin yanke hukunci. A 1985 Griffith Edwards ya sake bin mutum bakwai ɗin Davies, ya gano biyar daga cikinsu sun ci gaba da fama da giya, wasu ma tun lokacin suna ɓoye wa likitan. Kowane ɓangare ya sami abin da zai riƙe da abin da zai ji kunya. Inda masana suka fi karkata yau shi ne mai ƙaramar matsala yana iya rage sha, wanda kuwa abin ya yi wa katutu, ƙauracewa ta fi masa aminci.

Gwamnatin Amurka ta so ta kashe maganar da babban bincike. Shirin da aka kira Project MATCH ya ci kimanin dala miliyan 27, ya ɗauki majinyata 1,726, ya raba su da ƙuri'a tsakanin hanyoyi uku: hanyar gyara tunani da ɗabi'a, da hanyar zaburar da niyyar mutum, da hanyar da ƙwararre zai riƙa nusar da majinyaci zuwa AA da matakanta. Fatan masu binciken shi ne su gano wane irin mashayi ya dace da wace hanya. Sakamakon da ya fito a 1997 ya ba su kunya: duka rukunonin uku sun samu sauƙi sosai, kuma kusan kunnen doki suka yi, sai ɗan fifiko da hanyar AA ta samu wajen yawan waɗanda suka ƙaurace gaba ɗaya. Magoya baya suka ce ga shi, tsarin da mashaya suka ƙirƙira ya yi kafaɗa da na masana. Masu suka suka ce tunda babu rukunin da aka bari ba magani, ba mu san ko ɗaya daga ukun ya yi wani abu ba.

A 2006 cibiyar Cochrane, wadda likitocin duniya ke girmamawa wajen tace bincike, ta duba gwaje-gwaje 8 ta ce babu wanda ya tabbatar da ingancin AA ba tare da shakka ba. Wannan jimla ta zama makami. A 2014 likitan ƙwaƙwalwa Lance Dodes ya fitar da littafi yana cewa nasarar AA ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, a 2015 kuma 'yar jarida Gabrielle Glaser ta yi dogon rubutu a mujallar The Atlantic tana kiran tsarin da rashin hankali. Sukan nasu yana da tushe ta wasu fuskoki. Gaya wa macen da miji ya daɗe yana dukanta cewa ta amince ba ta da iko, ta kuma lissafa nata laifin, yana iya ƙara mata rauni. Wannan ne ya sa tun shekarun 1970 Jean Kirkpatrick ta kafa wa mata ƙungiyarsu daban. Ƙungiyar da babu shugaba babu rajista kuma tana iya zama wurin farautar sababbin shiga. Kotuna ma sun fara ja da baya: a 1996 kotun ƙoli ta jihar Niyok ta yanke cewa tilasta wa fursuna shiga shirin matakan ya saɓa wa tsarin mulkin da ya raba gwamnati da addini, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta maimaita haka a 2007 a shari'ar wani mabiyin addinin Buddha a Hawaii.

Sai ga 2020. Cochrane ta sake zama, wannan karon da bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. John Kelly na jami'ar Harvard da Keith Humphreys na Stanford ne suka yi aikin, tare da Marica Ferri, wadda ita ce ta jagoranci rahoton 2006. Suka samu cewa idan ƙwararre ya bi tsari wajen haɗa majinyaci da AA, kimanin kashi 42 cikin ɗari suna kai shekara guda ba su sha ba ko sau ɗaya, a sauran hanyoyin kuwa kimanin kashi 35. A wasu ma'aunan, kamar yawan abin da mutum ke sha in ya sha, hanyoyin sun yi daidai. Kuma hanyar AA ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Yaya za mu karanta wannan? Mu dai muna ganin ya rushe maganar cewa AA ba ta da amfani, kuma bai gina maganar cewa ita ce magani ba. Tazarar 42 da 35 tazara ce ta gaske, rayukan mutane ne, amma lissafin yana nufin fiye da rabin waɗanda suka bi hanyar sun sake sha kafin shekara. Sannan yawancin gwaje-gwajen sun auna aikin ƙwararren da ke raka mutum zuwa taro ne, wanda ya bambanta da mutum ya tura ƙofa shi kaɗai, ya kuma bambanta da asibitin kwana 28 mai tsada.

Tambayar da ta fi ba mu sha'awa ita ce, mene ne a cikin tsarin yake aikin? Kelly da abokansa sun koma kan bayanan Project MATCH suna neman amsa. Abin da ya fi bayyana amfanin AA shi ne canjin abokan zama: mutum ya rage hulɗa da masu sha, ya ƙara da waɗanda suka daina, ya kuma sami ƙarfin gwiwar zama a wurin biki ba tare da ya miƙa hannu ba. Ɓangaren addu'a da dogaro ga Ubangiji ya nuna tasiri ne musamman ga waɗanda ciwon ya fi tsanani. Bahaushe ya riga ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Asibiti yana sallamar mutum bayan wata ɗaya, ganin likita yana ƙarewa bayan mako 12, amma jaraba tana tashi ne da ƙarfe goma na daren Juma'a bayan shekara uku. A wannan lokacin AA tana da taro a unguwa, da lambar wayar wanda ya riga ka daina sha kuma ya yarda ka tashe shi daga barci, duk kyauta, har iyakar rayuwa. Babu ma'aikatar lafiyar da za ta iya biyan wannan. Binciken da aka fara yi kan ƙungiyoyin da ba ruwansu da matakan, irin su SMART Recovery da aka kafa a 1994, yana nuna su ma masu lizimtarsu suna samun amfani makamancin haka, abin da ke ƙara nuna cewa sirrin yana cikin zaman taren. Wataƙila shi ya sa tsarin ya iya tsallaka addini: a Baltimore wasu Musulmi sun kafa Millati Islami a 1989 suka daidaita matakan da Alƙur'ani da Sunna, Iran kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan tarurrukan Narcotics Anonymous, reshen masu shan ƙwaya da aka kafa a Kaliforniya a 1953.

A nan ne ya kamata mu yi taka-tsantsan, domin labarin ya taɓo mu. Rahoton 2020 kan giya kaɗai ya yi magana. Abin da ke cin matasanmu kuwa, ban da wiwi, ya fi karkata ga tiramol da kodin. Ƙididdigar da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya a 2018 ta nuna mutum miliyan 14.3 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabata, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin, dangin hodar heroin. Ga wannan dangi hujja mafi ƙarfi tana wajen magani. Methadone da buprenorphine suna rage mutuwar masu wannan jaraba da kusan rabi. Wanda aka tsare ya daina da ƙarfin tsiya kuwa, jikinsa yana mance yawan da ya saba ɗauka, ranar da ya koma ya sha adadin da, numfashinsa na iya tsayawa. Shekaru da yawa tarurrukan masu shan ƙwaya da dama a Amurka suna ɗaukar mai shan irin wannan magani a matsayin wanda bai tsarkaka ba, har wasu su hana shi magana a taro. Hazelden da kanta, uwar shirin kwana 28, sai a 2012 ta fara ba da buprenorphine, bayan ta ga ana sallamar matasa suna mutuwa. Darasin halartar dole ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu don a raba su da shaye-shaye. Duk wanda zai kafa hujja da nasarar AA don ya ce addini yana maganin jaraba, to ya tuna ƙofar taron AA a buɗe take, mai shiga da ƙafarsa ya shiga, kuma wanda ke masa magana shi ma ya taɓa kwana a kwata.

Shi kansa Bill Wilson bai riƙe matakansa da tsaurin da wasu almajiransa suka riƙe su ba. Littafin 1939 shawara ya kira su. Ya yi shekaru yana fama da ciwon damuwa bayan ya daina sha, ya je wurin likitocin ƙwaƙwalwa, a 1956 ya fara gwada ƙwayar LSD ƙarƙashin kulawar likita, lokacin ba a haramta ta ba, yana fatan za ta buɗe wa mashayan da suka kasa imani ƙofar da farin hasken nan ya buɗe masa. Shugabannin ƙungiyar ba su ji daɗi ba, ya bari. Daga baya ya koma tallata sinadarin niacin. Taba kuwa bai iya rabuwa da ita ba sai dab da ƙarshe, ciwon huhu ne ya yi ajalinsa a Janairu 1971.

Cikin amintattun ƙungiyar waɗanda ba mashaya ba akwai wani likita, Vincent Dole, sunansa ke nan, ba dolen Hausa ba. Shi da Marie Nyswander ne suka fito da amfani da methadone ga masu jarabar heroin a 1965. Dole ya ba da labarin cewa a wata ganawarsu ta ƙarshe-ƙarshe, Bill ya yi masa maganar ɗimbin mashayan da AA ba ta kai gare su ba, da waɗanda suka zo suka kasa, sannan ya roƙe shi ya nemo wa giya magani irin methadone. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da naltrexone don jarabar giya a 1994, shekara 23 bayan rasuwar Bill, sai acamprosate a 2004. Har yau kaso kaɗan ne na masu fama da giya a Amurka likita ke rubuta wa ɗaya daga cikinsu.